Rikicin Hotuna a Daular Rumawa, 726 zuwa 843

Wajen shekarar 692 Sarkin Rumawa Justiniyan na Biyu ya sa aka buga wani dinari irin wanda ba a taɓa gani ba a daularsa. A al'ada fuskar sarki ce ke gaban kuɗi. Shi kuwa sai ya koma bayan kuɗin, ya bar gaba ga hoton Almasihu, da gemu da dogon gashi, gicciye a bayan kansa, littafi a hannunsa. A ɗaya fuskar ga sarki a tsaye riƙe da gicciye, an rubuta cewa shi bawan Almasihu ne. A lokacin nan Halifa Abdulmalik ɗan Marwan yana Dimashƙu yana ta gwajin nasa kuɗin. Ya fara da kwaikwayon na Rumawa, sannan ya buga mai hoton halifa a tsaye da hannu a kan takobi. A shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697, ya watsar da hoto ɗungurungum. Dinarinsa ya zama rubutu zalla, kalmar shahada a fuska ɗaya, ayoyin Ƙulhuwallahu a ɗayar. Falken da ke safara tsakanin Sham da ƙasar Rum yana iya ƙulle kuɗin nan biyu a jaka guda, amma amsoshi biyu ne masu hannun riga ga tambayar ko ya halatta a zana abin da ake bauta wa.

Shekara talatin bayan haka Rumawa suka juya wannan tambaya a kan kansu, suka kwashe shekara 117 suna ɗauki ba daɗi a kanta. An tuɓe shugabannin coci, an kashe ruhubanawa, an ƙwaƙule idanu, an shafe bangaye da farar ƙasa, an dawo an sake zanawa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a cikin dukan masu faɗan nan babu ko mutum ɗaya da ya yarda cewa shi mai bautar gunki ne. Kowane ɓangare yana ƙyamar gumaka, kowanne yana karanta Attaura ɗaya. Gardamar a kan iyaka take: ina girmamawa ta tsaya, ina bauta ta fara.

Tsoron ya daɗe. Dokokin da aka ba Annabi Musa sun hana sassaƙa siffar wani abu na sama ko ƙasa ko ruwa domin a rusuna masa, labarin ɗan maraƙin zinariya kuma yana nan a Attaura, yana nan a Alƙur'ani. Amma littattafan Yahudawa sun kawo cewa an ƙera siffar kerubobi biyu a kan akwatin alkawari, kuma Musa ya ƙera macijin tagulla a jeji. Macijin nan ne Sarki Hezekiya ya farfasa bayan ƙarnuka, saboda ya tarar mutane sun koma ƙona masa turare. A wannan ɗan labari kaɗai akwai hujjar ɓangarorin biyu: abin da aka ƙera da izini, ga shi ya rikiɗe ya zama abin bauta a hannun jikoki. Su kansu Yahudawa ba kullum suke da tsanani ɗaya ba. A 1932 masu haƙa suka tono wani ɗakin ibadarsu a garin Dura-Yurofos a bakin kogin Furatu, wanda aka ƙawata wajen shekarar 245, bangayensa cike da zanen annabawa. Yanzu zanen yana gidan tarihi na Dimashƙu.

Kiristocin farko sun gwammace a kashe su da su zuba turare a gaban mutum-mutumin Kaisar. Wani taron bishop-bishop da aka yi a Elbira, cikin Sifen, wajen shekarar 305, ya hana zane a bangon coci. A ƙarshen wannan ƙarni Bishop Ifafaniyus ya shiga wani coci a ƙauyen Falasɗinu, ya ga labule mai hoto, ya kama ya yage, ya ce a yi wa wani matalauci likkafani da shi. Sai dai ruwan ya riga ya ɗauki hanya. Wajen shekarar 600 Fafaroma Girigori ya rubuta wa bishop na Marsai, wanda ya farfasa hotuna a cocinsa, ya yaba masa da ya hana a yi musu sujada, ya kuma zarge shi da ya fasa su, domin a ganinsa hoto shi ne littafin wanda bai iya karatu ba. A gabas abin ya wuce karantarwa. Ana zana fuskar Almasihu da ta Maryamu da ta tsarkaka a kan allunan katako, ana kunna musu fitila, ana sumbatarsu, ana rataya su a ɗaki da shago da jirgin ruwa. Akwai waɗanda aka yi imani cewa ba hannun mutum ne ya zana su ba, kamar mayafin birnin Ruha mai ɗauke da fuskar Almasihu. A 626, da Farisawa da Abarawa suka yi wa Kustantiniyya ƙawanya, Santambul ta yau ke nan, alhali Sarki Hirƙal yana can fagen fama, shugaban cocin birnin ya ɗauki hoto ya zaga da shi a kan ganuwa. Da maƙiya suka janye, mutanen gari ba su yi shakkar wanda ya cece su ba.

Daga nan duniya ta kife wa Rumawa. Yarmuk a 636, Ƙudus jim kaɗan bayanta, Masar a 642, Kartaj a 698. Garuruwan da ke tinƙaho da hotuna masu tsaron gari suka faɗa ɗaya bayan ɗaya a hannun mutanen da ba su da hoto ko guda a wurin sallarsu. Musulmi sun zo da matsayi bayyananne. A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an rushe gumaka 360 da ke kewaye da Ka'aba. Bayanin da aka ruwaito daga Ibn Abbas game da Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru shi ne, mutanen kirki ne na zamanin da, da suka mutu aka kafa siffofinsu don tunawa, bayan waɗanda suka san dalilin sun shuɗe sai aka koma bauta musu. Ummu Salama da Ummu Habiba kuma sun ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labarin wani coci mai hotuna da suka gani a Habasha, ya yi kakkausan gargaɗi a kan gina wurin ibada bisa kabarin salihi da zana hotuna a ciki. Wanda ya duba adon Ƙubbatus Sakhra da aka kammala a 692, ko na babban masallacin Dimashƙu da Walid ya gina, zai ga itatuwa da ƙoramu da gidaje da rubutu, ba mutum ba dabba. Wajen 721 Halifa Yazid na Biyu ya ba da umarnin a kawar da hotuna har a majami'un da ke ƙarƙashinsa, amma ya rasu a 724, umarnin bai yi tsawon rai ba.

A watan Maris na 717 wani jarumin soja mai suna Liyo, haifaffen Mar'ash a kan iyakar Sham, ya hau gadon sarautar Rum. Bai yi wata shida ba Maslama ɗan Abdulmalik ya iso ƙofar Kustantiniyya da runduna ta ƙasa da ta ruwa. Shekara guda cur ana ƙawanya. Wutar nan ta Rumawa mai ci a kan ruwa ta cinye jirage, hunturu mai tsanani da yunwa da harin Bulgarawa suka cinye mayaƙa, har Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ce a dawo gida a watan Agusta na 718. Birni ya tsira, amma hare-hare a Anatoliya ba su tsaya ba, kusan kowace bazara sai an shigo. Sai kuma a 726 dutsen da ke ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Tira ya yi aman wuta. Hayaƙi ya turnuƙe, duwatsu marasa nauyi suka yi ta yawo a kan ruwa har gaɓar Anatoliya da Makidoniya. Mutumin wancan zamani da ya ƙoshi da labaran Bani Isra'ila ya san fassarar irin wannan: idan al'ummar Allah ta sha kashi a hannun maƙiya, to ta koma wa gumaka ne. Wasu bishop-bishop na Anatoliya, irin su Kustantin na Nakoliya, sun riga sun fara faɗin haka. Liyo ya karkata gare su.

Marubutan da suka zo daga baya sun ce ya aika a sauke hoton Almasihu da ke saman ƙofar tagulla ta fada, mata suka ture tsanin suka kashe jami'in. Masana na zamani da dama suna ganin an ƙirƙiri wannan labari ne bayan shekaru, don a sama wa rikicin shahidai tun daga ranar farko. Abin da ya tabbata shi ne, a watan Janairu na 730 shugaban cocin Kustantiniyya, tsoho Garmanus, ya ƙi sa hannu a kan sabon matsayi ba tare da babban taron coci ba, ya bar kujerarsa, aka naɗa mai biyayya. A shekarar da ta biyo Fafaroma Girigori na Uku ya tara majalisa a birnin Rum ya la'anci masu fasa hotuna.

Amsa mafi ƙarfi ba daga cikin daular ta fito ba. Ta fito ne daga ƙasar halifa, inda hannun Liyo ba ya kaiwa. Yuhanna na Dimashƙu ɗa ne ga Sarjun ɗan Mansur, Kiristan da ya riƙe wa Umayyawa harkar kuɗi tun zamanin Mu'awiya. Yuhanna ya bar hidimar fada ya shiga zuhudu a Falasɗinu, ya rubuta maƙaloli uku na kare hotuna. Ya yarda cewa Allah da ba a gani ba ya zanuwa, kuma hanin Attaura gaskiya ne. Amma a aƙidar Kirista, in ji shi, Allah ya ɗauki jiki a cikin Almasihu, an gan shi, an taɓa shi, don haka abin da ido ya gani hannu na iya zanawa. Ya ce shi ba katako da fenti yake bauta wa ba, girman da aka ba hoto yana zarcewa ne ga mai hoton, kamar yadda Yaƙub ya sumbaci rigar Yusufu yana kuka alhali ba rigar yake so ba. Musulmi da Bayahude ba za su karɓi tushen wannan hujja ba, tunda ba su yarda Allah ya zama mutum ba. Amma ga Kirista hujja ce mai nauyi, domin ta mayar da ƙin hoto tamkar shakka ne a kan ginshiƙin addininsa.

Maƙiyan Liyo sun kira shi mai tunanin Larabawa, har yau kuma akwai masu cewa Musulunci kawai ya kwaikwaya. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya kashe rayuwarsa yana yaƙar halifofi ba zai ɗauki fatawarsu ba. Masu ƙin hotuna na Rum sun ɗaukaka gicciye fiye da kowa, sun bar hoton sarki a kan kuɗi, sun bar zanen farauta da sukuwa da tsuntsaye. Fuskar Almasihu da ta tsarkaka kaɗai suka hana. Tasirin Musulmi ta wata hanya ya shigo: nasarorinsu ne suka sa Rumawa zama suna lissafin laifin da suka yi wa Allah. Da Liyo da ɗansa suka karya rundunar Umayyawa a Akroyinon a 740, inda aka kashe Abdullahi al-Baɗɗal, sai lissafin ya zama kamar ya fita daidai.

Ɗan nan, Kustantin na Biyar, wanda ya yi mulki daga 741 zuwa 775, shi ne gwarzon wannan ra'ayi. Maƙiyansa sun laƙaba masa sunan ƙazanta, suka ce ya ɓata ruwan baftismarsa yana jariri, kuma da wannan suna tarihi ya riƙe shi. Amma sarki ne mai ƙwazo. Ya sha cin Bulgarawa da yaƙi, ya cika Kustantiniyya da mutane bayan annobar 747, ya gyara tsohuwar magudanar ruwan da ta yi shekara fiye da ɗari a lalace. Ya kuma yi rubutun tauhidi da kansa. A 754 ya tara bishop 338 a fadar Hiyeriya, tsallaken mashigin Bosforus, suka zauna daga Fabrairu zuwa Agusta. Babu wakilin Fafaroma, babu na Iskandariya ko Antakiya ko Ƙudus. Suka ɗauki makamin Yuhanna suka juya masa. Kirista ya yi imani cewa Almasihu Allah ne kuma mutum ne ba tare da rabuwa ba. To mai zane me ya zana? In ya ce allantakar ya zana, ya yi ƙarya, don ba ta da iyaka. In ya ce jikin kaɗai ya zana, ya raba abin da ba ya rabuwa. Suka yanke cewa siffar Almasihu ta gaskiya ita ce gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji, suka la'anci Garmanus, suka la'anci Yuhanna da sunan kakansa na Larabci, Mansur. Wanda ya je Santambul yau zai iya ganin irin cocin da suke so. Cocin Aya Irini, wanda Kustantin ya sake ginawa bayan girgizar ƙasar 740, babu komai a saman mihrabinsa sai ƙaton gicciye mai baƙin layi a kan shimfiɗar zinariya.

Bayan shekara goma aka shiga zubar da jini, akasari a kan ruhubanawa. Akwai wani mai suna Istifanus wanda marubucin tarihin rayuwarsa ya ce an kawo shi gaban sarki, sai ya zaro kuɗi daga hularsa ya tambaya hoton wa ke jiki. Aka ce na sarki. Ya tambaya ko akwai hukunci ga wanda ya taka shi. Aka ce ƙwarai kuwa. Ya ce to ina ga wanda ya taka hoton Almasihu, ya jefar da kuɗin ƙasa ya take. A watan Nuwamba na 765 aka ja shi a titunan birni har ya mutu. A shekarar da ta biyo aka zagaya da ruhubanawa a filin sukuwa, kowanne an tilasta masa riƙe hannun mace, jama'a na tofa musu yawu. Wani gwamna mai suna Mika'ilu Lakanodrakon ya tara ruhubanawa maza da mata a Afisa ya ce su zaɓa, aure ko makanta da kora zuwa Ƙubrus. Ko da an rage wani abu daga waɗannan labarai saboda maƙiya ne suka rubuta su, abin da ya rage ya isa abin kunya. Mutumin da ya ce yana kare darajar Mahalicci daga katako, ya koma yana ƙwaƙule idon da Mahaliccin ya halitta, ya rasa bakin magana.

Mace ce ta juya akalar. Irini 'yar Atina, matar Liyo na Huɗu ɗan Kustantin, ta zama mai riƙon ƙwarya a 780 bayan mutuwar mijinta, saboda ɗanta yana da shekara tara. Ta ɗauko sakataren fada, Tarasiyus, wanda ba limami ba ne, ta naɗa shi shugaban coci a 784. A watan Agusta na 786 ta kira taro a cocin Manzanni, sai dakarun fada, waɗanda Kustantin ya kafa kuma suke ƙaunarsa, suka kutsa da takubba suka watsa zaman. Irini ba ta yi gaggawa ba. Ta ce za a fita yaƙi da Larabawa, ta tura dakarun nan tsallaken ruwa, can aka karɓe makamansu aka sallame su. A kakar 787 bishop sama da 300 suka taru a Nikiya, tare da wakilai biyu na Fafaroma Hadriyan. Suka halatta hoton Almasihu da Maryamu da mala'iku da tsarkaka a coci da gida da bakin hanya, a sumbace su, a rusuna musu, a kunna fitila, a ƙona turare, da sharaɗin cewa wannan girmamawa ce, bauta ta haƙiƙa kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Da rahoton taron ya isa fadar Sharlaman, babban sarkin yammacin Turai, cikin gurguwar fassarar Latin da ta cakuɗa girmamawa da bauta, malamansa suka rubuta dogon raddi, taron Farankfut na 794 ya yi watsi da hukuncin. Matsayinsu shi ne na Girigori: kada a fasa, kada a rusuna.

Cocin gabas yana girmama Irini saboda aikin Nikiya. Ita ce kuma a 797 ta sa aka ƙwaƙule idanun ɗan cikinta a ɗakin da ta haife shi, don ta yi mulki ita kaɗai. Rashin imani bai zaɓi ɓangare ba a wannan tarihi.

Ma'aunin da aka auna hotuna da shi tun farko, wato nasarar yaƙi, shi ya sake kayar da su. Irini ta biya Abbasiyawa jizya bayan Haruna Rashid, yana yarima, ya kai har bakin Bosforus a 782. An tuɓe ta a 802, ta mutu a tsibirin da aka kore ta. A 811 Kurum sarkin Bulgarawa ya kashe Sarki Nikiforus, ya sa aka yi wa ƙoƙon kansa rufin azurfa yana shan giya da shi. A 813, ana cikin addu'a a cocin Manzanni, wasu tsofaffin sojoji suka ɓalle ƙofar hubbaren sarakuna, suka faɗi a kan kabarin Kustantin na Biyar suna kuka, suna roƙonsa ya tashi ya ceci daula. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen da suka ƙi rusuna wa allon katako su ne ke kiran matacce a kabarinsa. Ɗan Adam in ya shiga uku yana neman abin da zai gani ya dafa, in an ɗauke masa wannan sai ya lalubo wancan, kuma dokar sarki ba ta kai can inda wannan buƙata take zaune ba.

Liyo na Biyar, Ba'armene, ya hau mulki a wannan shekara da lissafi a bakinsa: sarakunan da suka hana hotuna sun mutu a kan gadonsu, 'ya'yansu sun gaje su, waɗanda suka girmama hotuna kuwa sun ƙare a gudun hijira ko fagen fama. A 815 ya dawo da hani. Tiyodor, shugaban gidan zuhudu na Istudiyos, ya fito da almajiransa ranar Lahadin ganyen dabino suna ɗauke da hotuna a sama, aka yi masa bulala aka kore shi. Ranar Kirsimeti ta 820 aka sassare Liyo da takubba a cikin cocin fada, aka kori 'ya'yansa bayan an dandaƙe su.

Magajinsa, Mika'ilu na Biyu, ya bar mana takarda mafi amfani a duk rikicin, wasiƙar da ya aika wa Luwis ɗan Sharlaman a 824. A ciki ya zayyana abin da ke faruwa a ƙasa. Mutane suna naɗe hoto da ƙyalle su sa shi ya zama uban baftismar ɗansu. Masu shiga zuhudu suna barin gashin da aka aske musu ya zuba a jikin hoto maimakon hannun wani dattijo. Wasu limamai suna kankare fentin hoto su gauraya da gurasa da ruwan inabi su ba jama'a. Wasu suna ɗora gurasar a hannun hoto sannan a karɓa daga can. Ya ce shi ya sa aka sauke hotunan da ke ƙasa inda baki ke kaiwa, aka bar na sama su zama karatu. Wasiƙar ɗan adawa ce, amma ko rabinta ne gaskiya, tsoron masu hani ba shaci-faɗi ba ne. Bambancin da malaman Nikiya suka shata tsakanin girmamawa da bauta yana da tsabta a takarda. Ko tsohuwar da ke shan kankararren fenti don neman waraka ta san da shi, wannan ita ce tambayar da taron bai amsa ba. A ƙasar Musulmi ma maganar tana ci. Wajen shekarar 800 bishop na Harran, Tawadurus Abu Ƙurra, ya rubuta littafi da Larabci saboda Kiristocin da suka daina rusuna wa hotuna don gorin maƙwabtansu Musulmi da Yahudawa. Hujjarsa ita ce ba kowace sujada ce bauta ba, ya kawo sujadar mala'iku ga Adamu da ta 'yan'uwan Yusufu gare shi, abin da ya san maƙwabtan sun yarda da shi. Malaman Musulunci suna da amsa, cewa waccan umarnin Allah ce kuma an shafe sujadar gaisuwa a shari'ar ƙarshe.

Sarki na ƙarshe mai hani shi ne Tiyofilus, 829 zuwa 842, mai sha'awar Bagadaza har ya gina fada irin ta Abbasiyawa. A 836 ya sa aka kawo wasu ruhubanawa biyu 'yan'uwan juna daga Falasɗinu, Tiyodor da Tiyofanis, aka yi musu dukan kawo wuƙa, sannan aka tsaga musu baiti goma sha biyu na zagi a fuska da allura da tawada. Wani mai zane, Li'azaru, aka ɗora masa jan ƙarfe a tafin hannu. A cikin shekarun nan ne kuma, can Bagadaza, ake yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala a gaban Halifa Mu'utasim kan batun halittar Alƙur'ani. Dauloli biyu masu gaba da juna, kowacce sarkinta ya ɗauka bulala na iya yanke hukuncin aƙida, kuma a duka biyun wanda aka daka ne jama'a suka riƙe. Mu'utasim ɗin nan ne a watan Agusta na 838 ya ci Ammuriyya, garin asalin gidan Tiyofilus, ya ƙone ta, nasarar da Abu Tammam ya yi wa shahararriyar ƙasidarsa. Tsibirin Kirit ya riga ya tafi hannun Musulmi, Falarmo ta faɗi a 831. Hujjar nasarar yaƙi, wadda a kanta aka gina hanin tun 726, ta rushe.

Tiyofilus ya mutu a Janairun 842 ya bar ɗa mai shekara biyu. Matarsa Tiyodora ta dawo da hotuna a watan Maris na 843, ba tare da wani babban taro ba, da sharaɗi ɗaya: kada a sa sunan mijinta cikin waɗanda za a la'anta. Aka yarda. Har yau cocin Otodoks na bikin wannan rana a Lahadin farko ta babban azuminsu. Waɗanda suka yi nasara suka ƙone littattafan abokan gardamarsu, shi ya sa hujjojin Hiyeriya ba mu san su ba sai ta bakin masu raddi. Aka tone ƙasusuwan Kustantin na Biyar aka ƙone. Duk da haka an ɗauki shekara 24 kafin a buɗe hoton Maryamu da jaririnta a saman mihrabin Ayasofiya, a 867. Tsofaffin allunan da suka riga rikicin kuwa, mafi kyawunsu sun tsira ne a gidan zuhudu na Dutsen Sina'i, cikin ƙasar da Musulmi ke mulki.

Rikicin ya bar tabo ko a wurin waɗanda suka ci. Cocin gabas ya tsaya a kan hoto shimfiɗaɗɗe mai bin ƙa'ida tsattsaura, ya guji mutum-mutumi mai jiki da ake iya zagayawa, don ya yi kama da gumakan da. Yamma, wadda ta ce kada a rusuna, ita ce daga baya ta cika majami'unta da sassaƙe-sassaƙe, kuma a can wutar ta sake tashi. A Witinbag a 1522, a Zurik a 1524, a ƙasar Holan a 1566, jama'a suka shiga coci da gatari da guduma. A 1549 aka buga tsohon raddin malaman Sharlaman, Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya kafa hujja da shi, taron Katolika na Tirento kuma ya sake tabbatar da hukuncin Nikiya a 1563. Mishan-mishan da suka iso ƙasashenmu daga ƙarshen ƙarni na 19 kowa ya zo da gadon gidansu. Shi ya sa a Kaduna ko Jos za ka shiga cocin Katolika ka tarar da mutum-mutumin Maryamu da kyandir a gabansa, ka tsallaka titi ka shiga na ECWA ko na Baptist ka tarar da mumbari da ayar da aka rubuta a bango, wani lokaci da gicciyen da babu kowa a kansa.